Kano zuwa Ibadan: tafiyar mai neman ƙwarewa a tiyatar yara

Likitan da ya ɗauki hanyar ƙwarewa a tiyatar yara, ko a Kano yake karɓar horo ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ba makawa sai tafiya ta kama shi. Kwalejoji biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa a ƙasar nan. Akwai Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960, ofishinta kuma yana Yaba a Legas, sai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, tana Ijanikin kan hanyar Badagry. Kwasa-kwasansu da jarrabawarsu zagaya manyan asibitocin koyarwa suke yi. Tawa tafiyar Ibadan ta faɗo, kwas ɗin bita na masu shirin jarrabawar ƙarshe, a ƙarshen damina, gab da zaman jarrabawar watan Oktoba.

Tun kafin tufafi, abin da ya kamata ya fara shiga jaka shi ne littafin rajistar ayyuka, inda ake rubuta kowace tiyata da mutum ya yi da hannunsa ko ya taimaka aka yi, tare da sa hannun ƙwararren da ya tsaya a kansa. Sai kwafin kundin bincike, rasidin biyan kuɗin kwas, katin shaidar aiki, farar riga, tef ɗin awo, da 'yar ƙaramar tocila ta haska kumburin maraina don bambance ruwa da hanji. A haɗa da lema, don ruwan Ibadan ba ya sallama. Reza da almakashin tiyata kuwa a bar su a gida, ba abin da za su jawo sai dogon bayani a shingen bincike.

Bayan sallar asuba na shiga Sharon a tashar Unguwa Uku. Kwanar Dangora, Tashar Yari, Kwangila, Jaji, kafin hantsi ya dubi ludayi muna Kawo. Daga can tasi ta kai ni Rigasa, tashar jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja. Tikitin jirgin ƙasa ta waya ake saye, kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, ƙa'idar da aka tsaurara tun da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022 bayan harin watan Maris na shekarar. Wanda ya bari sai ranar tafiya zai nemi kujera, da wuya ya samu. A saya da wuri, a kuma iso tasha da sauran lokaci, domin layin bincike kan yi tsawo.

Maƙwabcina a jirgi wani matashin likita ne mai yi wa ƙasa hidima, zai koma asibitin ƙauyen da aka tura shi. Ya ga littafin da ke hannuna, babban littafin nan na tiyatar yara da aka rubuta domin Afirka, wanda Farfesa Emmanuel Ameh yana cikin editocinsa, sai ya gyara zama.

"Chif, don Allah shekara nawa ake ɗauka kafin a zama likitan tiyatar yara? Kowa na tambaya sai ya ce mini hanya ce mai nisa, ya yi shiru."

Na ce, "Dakta, mu ƙirga tare. Ka riga ka ci shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki, ga ta hidimar ƙasa kana ciki."

Abin da ya rage masa shi ne wannan. Da farko jarrabawar share fage, wadda ake kira firamare, kan ilimin sassan jiki da aikinsu da yadda cuta ke lalata su. A kwamfuta ake yinta, kuma babu lokacin da ya fi dacewa da ita kamar shekarar hidimar ƙasa, tun karatun jami'a bai gudu daga ka ba. Da sakamakonta ake neman gurbin horo a asibitin da kwaleji ta amince da shi, kuma wajibi ne mutum ya bincika ko sashen tiyatar yara na asibitin yana da cikakkiyar amincewa, don watannin da aka yi a sashen da ba shi da ita ba sa shiga lissafi. Daga nan shekara 2 zuwa 3 na ƙaramin horo, ana zagaya tiyatar ciki, ƙashi, mafitsara, haɗura, sa barci da sauransu, sai jarrabawar kashi na ɗaya. Wanda ya haye ya zama babban rejistara, a nan ne zai tsaya kan yara kaɗai kimanin shekara 3, ya gabatar da taken bincike a amince da shi, ya tattara bayanai, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban masu jarrabawa a kashi na biyu. Jimla daga shiga jami'a shekara 13 zuwa 14 ke nan idan komai ya tafi daidai. Jiran gurbi, yajin aiki da maimaita jarrabawa su ke ƙara tsawonta. Inda na fi ganin mutane na maƙalewa shi ne kundin bincike: a bar neman amincewar take sai shekara ta biyu, sannan a tarar yawan marasa lafiyar da ake bukata ba zai cika cikin lokacin da ya saura ba. A miƙa take cikin watannin farko, a kuma zaɓi cutar da ake gani kowane mako, kamar ƙabar yara ko fashewar hanji daga taifot, ba wadda ake gani sau biyu a shekara ba.

Ya tambaya ko sai mai hannu na musamman ke iya ɗinka hanjin jariri. Hannu yana zuwa da yawan yi. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne juriyar tashi ƙarfe biyun dare don duba ko jaririn da aka yi wa aiki da rana ya yi fitsari, da haƙurin zama da uwa a maimaita mata bayani sau uku ba tare da fuska ta canza ba. Na ba shi shawara ya nemi wata uku a sashen jarirai kafin ya yanke hukunci. A Kubwa ya sauka.

Na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tashar Utako don kada motar farko ta wuce ni. Abuja ba wurin neman ɗaki mai araha ba ne. Kuɗin kwana ɗaya a can ya kusa na kwana biyu a Ibadan.

Bas ta tashi da sanyin safiya. Gwagwalada, Abaji, Koton Karfe, muka haye gadar Murtala a Jamata, kogin Kwara ya cika ya batse har cikin gonaki. A Lokoja aka tsaya cin abinci. Soyayyen kifi da doya su ne abin saye a nan, kuma a tambayi kuɗi kafin a zuba.

A wurin cin abincin ne na lura da wata mata 'yar Zariya da muke mota ɗaya, tana canza wa yaronta riga. Cibiyarsa ta kumbura, an ɗora kwabo a kai an ɗaure da tsumma tamau, fatar gefen har ta yi ja tana tsattsafo da ruwa. Na nemi izini na duba.

"Hajiya, watansa nawa?"

"Takwas, Likita. Kakarsa ce ta ce a ɗaure don ta koma."

Ramin bai fi kan yatsa ɗaya ba, hanjin kuma yana komawa ciki da an danna. Irin wannan cibiya mafi yawanta da kanta take rufewa kafin yaro ya kai shekara 4 zuwa 5, kwabo ba ya ƙara mata sauri, sai dai ya ci fata ya kawo gyambo. Abin da za ta sa wa ido shi ne ranar da kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, yaro na kuka yana amai. Wannan ba ya jiran wayewar gari. Na kuma ja kunnenta kan bambancin da mutane da yawa ba su sani ba: kumburin matsematsi ko na maraina da ke fitowa idan yaro na kuka, wato ƙaba, ba ya rufewa da kansa, kuma a jarirai ya fi saurin shaƙe hanji. Aikinsa gajere ne, yawanci a yi da safe a koma gida da yamma. Ta kwance kwabon nan take.

Daga Okene zuwa Owo ne tafiya ta yi nauyi. Duwatsu, kwana-kwana, manyan motocin siminti, ramuka, ga shingayen bincike kusa da kusa, wani kana hango wani. A ɗaya aka sauke mu duka aka buɗe jakunkuna. Katin aiki ya taƙaita mini tambayoyi, amma wasu samari biyu 'yan ci-rani da ba su riƙe da kowace shaida sun daɗe a tsaye suna bayani, mota na jiransu. Duk mai bin wannan hanya ya riƙe katinsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Akure, Ilesha da Ife barci ya ɗauke mini su. A Ikire na farka, masu tallar dodon Ikire sun kewaye mota, ayaba ce da ta nuna lugub aka soya da manja da barkono har ta yi baƙi. Tana da daɗi, tana da yaji, kuma tana kwanaki ba ta lalace ba.

Magariba ta yi mana a Iwo Road, cikin yayyafi da cunkoso. Tasin Ibadan ƙananan Micra ne, mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Na ɗauki shata zuwa Sabo. Baƙon da ya zo aiki asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, wato UCH, inda ake kwas ɗin, yana da zaɓi biyu: otal-otal na Bodija da Mokola, masu tsada da shiru, ko masaukan Sabo, masu sauƙin kuɗi da hayaniya. Na zaɓi Sabo. Unguwar Hausawa ce tun 1916, da Sarkin Hausawanta da babban masallacinta da 'yan canji jere a bakin titi, kuma daga nan zuwa ƙofar asibiti ta shataletalen Mokola tafiyar 'yan mintuna ce. Da asuba akwai koko da ƙosai da waina, da dare tuwo da tsire. A duba ɗaki kafin a biya, a tambayi ruwa da lokacin da ake tayar da janareta, don mai karatun jarrabawa wuta ce rabin bukatarsa. Da rana kuwa na saba da amala da abula, wato miyar ewedu da ta wake a haɗe a kwano ɗaya. Wanda cikinsa bai saba da manja ba ya fara da kaɗan.

Asibitin an buɗe shi a 1957, kuma tsarin ginin ya nuna an yi tunanin iska: dogayen baranda, tagogi ta ɓangare biyu. Mahalarta sun zo daga ko'ina, har da Ghana da Saliyo. Da safe lacca, da rana duba marasa lafiya a gado, da yamma gwajin tambaya da amsa irin na ranar jarrabawa.

Wanda ya zo da zaton za a shafe kwanakin ana koyar da salon yanka da ɗinki zai sha mamaki. Kusan rabin lokacin kan abin da ake yi kafin wuƙa ya tafi, kuma a ganina daidai ke nan, don a nan ne muke rasa jarirai. Wani dattijon farfesa ya fara da tambaya ɗaya: jinin da ke jikin jariri mai kilo 2.5 nawa ne? Kimanin mililita 80 zuwa 85 a kowane kilo, wato ɗan sama da 200, bai kai rabin ledar fiya wata ba. Ƙaramar audugar tiyata guda idan ta jiƙe sharkaf ta sha kusan mililita 10. Biyu ke nan sun kwashe kashi ɗaya cikin goma na jininsa. Saboda haka ake auna auduga a sikeli, ake kuma tanadar jini kafin a fara, ba sai an ga jariri ya yi fari ba.

Sai sanyi. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Kansa babba ne, fatarsa siririya, ba ya iya karkarwa ya ɗumama kansa, kuma da ya huce sai numfashi ya raunana, jini ya ƙi daskarewa, sukari ya faɗi. Don haka a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a naɗe kai da hannuwa da ƙafafu da auduga, a ɗumama ruwan wanke fata da na ƙari. Likita ya yi gumi, ba laifi. A gidanmu wannan ya fi tsanani lokacin hunturu, sa'ad da ake kawo jariri a bayan babur daga tafiyar awa uku, a taɓa shi a ji kamar ba rai.

Lissafin ƙarin ruwa kuwa dole ya zauna a ka. Ga yaron da ya wuce wata ɗaya, mililita 100 kan kowane kilo na goman farko a yini, 50 kan goma na biyu, 20 kan abin da ya haura. Mai kilo 15 zai sha 1,250. Sabon haihuwa dabam ne, ana farawa da kimanin 60 kan kilo na ruwan sukari mai kashi 10 a ranar farko, a riƙa ƙarawa har wajen 150 a ƙarshen mako. Wanda ya bushe a ƙara masa ruwan gishiri ta jijiya, mililita 10 zuwa 20 kan kilo a tashi ɗaya, a sake dubawa. Alamar an kama hanya ita ce fitsari, aƙalla mililita 1 kan kilo a kowace awa. Kuskuren da ake yawan yi a ƙananan asibitoci shi ne a rataya leda mai 500 kai tsaye a jijiyar jariri babu kwalbar awo a tsakani. Ma'aikaci ya juya baya, ruwa ya zube duka, huhu ya cika. Haka batun hana abinci kafin aiki: awa 6 ga abinci da madarar gwangwani, 4 ga nonon uwa, 2 ga ruwa zalla. Cewa uwa "kada ki ba shi komai daga sha biyun dare" alhali aikin sai azahar, zalunci ne da ke jefa yaro cikin faɗuwar sukari.

A gwajin yamma, salon tambayar kusan ɗaya ne. Ba a tsayawa kan abin da littafi ya ce. Za a ce ga jariri an kawo maka asibitinka cikin dare, me za ka fara yi? Jariri yana ta dalalar da yawu mai kumfa, da an ba shi nono sai ya shaƙe ya yi shuɗi: a tura robar hanci mai ɗan kauri, lamba 8 ko 10, idan ta tsaya wajen santimita 10 maƙoshin bai haɗu da ciki ba. Siririyar roba naɗewa take yi a ciki ta yaudari mutum. A daina ba da nono, a ɗaga kai, a riƙa zuƙe yawun a kai a kai. Jariri ya yi amai kore: a ɗauka hanji ya murɗe har sai an tabbatar ba haka ba ne, domin sa'o'i kaɗan sun isa hanjin ya mutu gaba ɗaya. Ɗan wata ɗaya yana feso amai fari bayan kowane shan nono: mafitar tumbi ce ta yi kauri, kuma ba a gaggauta kai shi ɗakin tiyata, sai an gyara gishirin jininsa tukuna, in ba haka ba zai ƙi farfaɗowa da numfashi bayan aiki. Wanda ya fara amsa da sunan tiyatar kafin ya ambaci ɗumi, robar hanci, ruwa, sukari da allurar bitamin K, nan take ake tsayar da shi.

Hira da abokan kudu ta nuna mini inda muka yi tarayya da inda muka bambanta. Shigar hanji cikin hanji, wadda ta fi kama 'yan wata 4 zuwa 10, duk muna ganinta, kuma duk muna kuka da abu ɗaya: yaro na kashi da majina da jini, a ɗauka atini ne, a yi ta ba shi magani daga kemis har kwana uku ko huɗu. Wanda ya iso da wuri ana iya warware masa ba tare da yanka ba, a tura ruwan gishiri ta dubura daga leda da aka rataya kimanin mita ɗaya sama da gado, ana kallo a sikanin. Wanda ya makara sai an yanke ruɓaɓɓen hanji. Bambancin shi ne nisa. Su yawancin marasa lafiyarsu daga cikin gari ko kewaye suke, mu kuwa daga wata jiha, wani lokaci daga tsallaken iyaka ta Maraɗi ko Damagaram. Fashewar hanji daga taifot ma ta fi yawa a hannunmu, musamman da damina, yaro ya shafe mako biyu da zazzaɓi sannan ciki ya kumbura ya yi tauri.

Laccar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta jariran da ake haifa hanjinsu a waje, ta wata 'yar kafa a dama da cibiya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2021, daga ƙasashe 74, ya nuna a ƙasashe masu arziki ƙasa da 2 cikin 100 ke mutuwa da wannan, a ƙasashe mafiya talauci kuwa 90 cikin 100. Cuta ɗaya, jarirai iri ɗaya. Abin da ke kashe su tun kafin su iso shi ne sanyi da bushewa da ƙwayoyin cuta, sai rashin abincin jijiya na makonnin da hanji ke ɗauka kafin ya fara aiki. Matakin farko kuwa ko ungozoma a ƙauye za ta iya: kada a lulluɓe hanjin da auduga ko tsumma mai jiƙe, yana mannewa yana kuma janye zafi, a sa jaririn daga ƙafa zuwa hammata cikin leda mai tsabta, a kwantar da shi ta gefen dama don kada jijiyar hanjin ta lanƙwashe, a rufe shi da zane, a taho. An nuna mana yadda ake yanka jakar fitsari ko ta jini sabuwa a ɗinka ta a matsayin rumbun da za a riƙa mayar da hanjin ciki kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Mayar da shi da ƙarfi a rana ɗaya matse huhu da jijiyoyin ƙoda yake yi.

A Sabo labari ba ya kwana. Kafin a yi nisa an san akwai likitan yara a masauki, kuma wani dare bayan isha'i wani dattijo mai sayar da goro ya zo da jikansa ɗan shekara biyu da uwar yaron.

"Likita, a gafarce mu da shigowa da dare. Yaron nan an haife shi ba dubura, aka fitar masa da hanji ta ciki. To yana ci yana sha, mun gode Allah. Sai dai fatar wurin ta ƙi zama lafiya."

"Baba, ba komai. Tun bayan aikin farko an koma asibiti?"

Ba a koma ba. Sun fahimci aikin ya ƙare, ga kuma batun kuɗi. Wannan ita ce matsalar da na fi sani a gida, ashe har nan ta biyo mu. Kusan jariri 1 cikin 5,000 ake haifa da irin wannan, kuma ga mafi yawan masu bukatar fitar da hanji aikin hawa uku ne. Na farko shi ne wanda aka yi masa, don ceton rai. Na biyu shi ne gina dubura a tsakiyar tsokar da ke riƙe bahaya, ta hanyar da likitan tiyatar yara Alberto Peña ya bayyana a 1982, kuma an fi son yinsa cikin watannin farko don yaro ya tashi da sanin wurin. Mako biyu bayan haka ake fara buɗa sabuwar duburar da sandunan ƙarfe masu lamba, sau biyu a yini, uwa ce ke yi a gida, ana hawa lamba ɗaya kowane mako har a kai girman da ya dace da shekarunsa: 12 ga ɗan wata 1 zuwa 4, 15 ga ɗan shekara 1 zuwa 3. Idan aka yi sakaci da wannan, wurin tsukewa yake yi, aiki ya koma baya. Sai an kai lambar sannan a yi na uku, a rufe na ciki. Idanun yaron ta ciki sun yi fari, abin da ake yawan gani ga masu daɗewa da hanji a waje saboda ɗan jinin da ke tsattsafowa kullum, don haka na ce a fara da gwajin jini. Fatar kuwa a wanke da ruwa zalla, a bari ta bushe, a shafa man zinki ko man kaɗanya da kauri, a ɗaura tsohon zane mai laushi, a riƙa canzawa da ya ɓaci. Na rubuta musu takarda da Turanci zuwa asibitin yara masu tiyata na ranar da ake ganinsu, na kuma maimaita wa uwar bayanin har ta faɗa mini shi da bakinta. Ita ba ta jin Yarbanci sosai, ba ta jin Turanci, kuma duk bayanin da aka yi a baya ta bakin wani ya bi kafin ya iso gare ta.

Washegari dattijon ya haɗa ni da wanzamin unguwa, muka sha shayi. Roƙo biyu na yi masa. Idan ya ga yaron da kafar fitsarinsa ba ta kan kai, tana ƙasa, fatar kuma ta taru a sama kamar hula, kada ya yi masa kaciya, domin da wannan fatar ake gyaran. Idan kuma jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire beli, kada a tsaya ana barbaɗa magani, a danne a nufi asibiti. Ya ce na farkon ya sha gani, mahaifinsa ma ya hana shi taɓa irinsu. Wanzamai su ke fara ganin jariranmu ranar suna, kafin kowane likita, kuma duk mai son yin wannan aiki a Arewa gara ya koyi zama da su.

Batun kuɗi, abin da ya fi ci shi ne kuɗin kwas ɗin kansa, sai mota da jirgi zuwa da dawowa, sai masauki. Abinci ne mafi sauƙi. Ga kuɗin jarrabawa da na buga kundi da ɗaure shi suna jira a gaba. Doka ta tanadi tallafin horo ga likitoci masu neman ƙwarewa, amma mai hankali ya tara nasa tun da wuri, ya adana kowane rasidi. Mutum biyu ko uku daga asibiti ɗaya su haɗa ɗaki, kuɗi ya ragu, ga abokin yi wa juna tambayoyi da dare.

Ranar ƙarshe na zagaya shagunan kayan asibiti da ke kewayen ƙofar UCH na sayi jerin sandunan buɗa dubura saiti biyu da ƙananan robobin hanci lamba 6 da 8. A duba lambar da ke jikin kowace sanda kafin a biya, don akan haɗa saiti da lamba ɗaya sau biyu a rasa wata. Dawowa ta hanyar da na zo na bi, sai dai ruwan sama ya riƙe mu a Okene har jirgin yamma na Idu ya wuce, dole na sake kwana a Abuja na kama na safe zuwa Rigasa. Mai zuwa jarrabawa kansa, ba kwas ba, ya ware kwana ɗaya na musamman saboda irin wannan a tafiyar zuwa, ya isa Ibadan da kwana biyu a hannu.